Jinyar Ƙaramin Yaro Mai Zazzaɓi, Gudawa ko Tari: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi

Yawancin cututtukan da ke kwantar da ƙaramin yaro, irin su zazzaɓi da mura da gudawa da ciwon kunne, sukan zo su wuce cikin 'yan kwanaki. Abin da ke raba yaron da ya warke a gida da wanda aka kai asibiti a makare, sau da yawa, shi ne idon mai jinya: shin ana lura da shansa, da numfashinsa, da yadda yake amsa kira? An tattara tambayoyin nan daga abin da iyaye da masu raino suke yawan maimaitawa, kuma an fi mayar da hankali kan 'yan ƙasa da shekara 5. Yaron da ke da amosanin jini, ko ciwon zuciya, ko tamowa, ko wanda aka haifa bakwaini, a bi abin da likitansa ya tsara masa, kuma a fi gaggawar kai shi asibiti fiye da sauran yara.

Yaro ya tashi ba shi da lafiya. Me zan fara dubawa kafin in nemi magani?

Ku dubi yaron kansa tukuna. Yana kallon ku idan kun yi masa magana? Yana karɓar nono ko ruwa? Yana fitsari kamar yadda ya saba? Numfashinsa a natse yake? Yaron da jikinsa ya yi zafi amma yana sha, yana rigima, yana miƙa hannu ga abin wasa, ya fi kwantar da hankali a kan wanda jikinsa bai yi zafi sosai ba amma ya yi laushi, ya daina kula kowa. Kukan yaro yana tayar da hankalin uwa, amma shirun yaron da ya saba ƙiriniya shi ne abin tsoro, domin ruwa ba ya tsami banza.

Ku samu takarda ku riƙa rubuta lokacin da aka ba da magani da adadinsa, da zafin jiki, da yawan bayan gida da amai da fitsari. Mai jinyar da ta kwana biyu ba barci ba za ta iya riƙe waɗannan a ka ba, kuma su ne farkon abin da ma'aikacin lafiya zai tambaya.

Waɗanne alamomi ne ba a jira da su, ko da tsakar dare ne?

A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin duba yara marasa lafiya, wanda ya ware manyan alamomin haɗari guda huɗu: yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ya yi jijjiga, ko ya yi laushi har da ƙyar ake tashinsa. Ko ɗaya daga cikinsu ta isa a tafi asibiti nan take.

A ƙara da waɗannan: numfashi da ƙyar ko lotsawar ƙasan haƙarƙari, leɓe ko harshe ya canja launi ya yi shuɗi, wuya ya sanƙare, maɗiga ta kumbura, ƙurajen da ba sa dusashewa idan an danna su, amai kore, jini a bayan gida, da tafin hannu ko cikin ido da ya yi fari fat. Jariri ɗan ƙasa da wata 3 kuwa, zazzaɓi kaɗai ya isa dalili, haka ma idan jikinsa ya yi sanyi fiye da kima. An yi ƙarin bayanin numfashi da ƙuraje a tambayoyinsu da ke ƙasa.

Zafin jiki nawa ne ake kira zazzaɓi?

Digiri 38 ko sama da haka. Idan a hammata aka auna, ma'aikatan lafiya da yawa sukan ɗauki 37.5 a matsayin zazzaɓi, saboda hammata takan nuna ƙasa da ainihin zafin cikin jiki. Ga ƙananan yara, ma'aunin zafi mai batir a hammata ya wadatar: a share gumi, a sa bakinsa can tsakiya, a riƙe hannun yaro a jikinsa har ya yi ƙara. Taɓa goshi da bayan hannu yana nuna akwai zafi, amma ba ya faɗin nawa ne.

Dole ne a sauke zazzaɓi? Zan iya yi masa wanka da ruwan sanyi?

Zazzaɓi hanya ce da jiki ke bi wajen yaƙar ƙwayoyin cuta. Ƙwaƙwalwa ce da kanta take ɗaga ma'aunin zafin jiki, shi ya sa yaro kan yi rawar ɗari alhali jikinsa na ƙuna. Saboda haka ana ba da maganin zazzaɓi ne don yaro ya sami sauƙi ya iya sha ya iya barci. Idan yana barcinsa lafiya, babu dalilin tashinsa don lambar ma'auni ta ce 38.5.

Ruwan sanyi da ƙanƙara ba su da amfani a nan. Suna matse jijiyoyin jinin fata, su sa yaro makyarkyata, jiki kuma ya ƙara samar da zafi don ya rama. Ko shafa ruwan ɗumi ma sauƙinsa ɗan kaɗan ne, kuma in yaro yana kuka da shi gara a bari. Abin da ya fi shi ne tufafi marasa nauyi, ɗaki mai iska, da yawan sha. Kada a lulluɓe shi da barguna wai don ya yi gumi.

Farasitamol nawa zan ba shi, kuma zan iya haɗawa da ibufurofen?

Nauyin yaro ake bi, ba shekarunsa kaɗai ba. Farasitamol miligiram 15 ne ga kowane kilo, a bar aƙalla awa 4 zuwa 6 tsakani, kuma kada ya wuce sau 4 cikin awa 24. Misali, yaro mai kilo 12 zai sha miligiram 180. Idan ruwan maganin mai miligiram 120 ne a kowace mililita 5, ya kama mililita 7.5 ke nan. Amma akwai mai miligiram 250 a mililita 5, wanda ya ninka wancan ƙarfi har da ɗoriya, don haka a karanta jikin kwalba duk lokacin da aka sami sabuwa. A nan ne kuskure ya fi faruwa. Wani kuskuren shi ne ba da maganin mura wanda da ma akwai farasitamol a cikinsa, sannan a ƙara wani a kai. Yawan farasitamol yana lalata hanta a hankali, kuma a ranar farko yaro zai iya zama kamar lafiyarsa ƙalau. Idan an san an zarce, a tafi asibiti ba tare da jiran alama ba.

Ibufurofen miligiram 5 zuwa 10 ne ga kowane kilo, bayan awa 6 zuwa 8. Ba a ba jariri ɗan ƙasa da wata 3, ba a ba yaron da ruwan jikinsa ya ragu saboda yana iya taɓa ƙoda, kuma ba a ba mai ƙarambau. Gara a fara da magani ɗaya. Idan bai kawo sauƙi ba a gwada ɗayan, a kuma rubuta lokacin kowanne. Asfirin kuwa ba na yara ba ne, musamman a lokacin mura ko ƙarambau, domin an danganta shi da wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta, wadda likita Douglas Reye da abokan aikinsa suka bayyana a Ostireliya a 1963.

Ya yi jijjiga lokacin zazzaɓi. Me ya kamata in yi a wannan lokacin?

Duk uwar da ta ga ɗanta ya sanƙare, idanu sun kakkafe, ta ga tashin hankalin da ba ta mantawa. Amma abin yi kaɗan ne, kuma yana da sauƙi. A kwantar da shi a ƙasa a kan gefensa, a kawar da abin da zai buge shi, a sassauta rigar wuya, a dubi agogo. Kada a tura cokali ko yatsa ko tsumma a bakinsa, mutum ba ya haɗiye harshensa. Kada a danne shi, kada a ɗura masa ruwa ko magani, domin yana iya shaƙa ya shiga huhu. Idan jijjigar ta wuce minti 5, ko ta dawo, ko gefe ɗaya na jiki kawai ta kama, ko yaro bai farfaɗo sosai ba bayan ta tsaya, a garzaya da shi.

Jijjigar zazzaɓi takan sami yara 2 zuwa 5 cikin 100, yawanci tsakanin wata 6 da shekara 5, kuma kusan ɗaya cikin uku takan sake dawo masa a wani zazzaɓin. Mai gajeren lokaci ba ta lalata ƙwaƙwalwa, kuma ba farfaɗiya ba ce. Duk da haka a kai shi a duba a ranar, saboda sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani su ma sukan zo da jijjiga. Wani abin da ya kamata iyaye su sani don su daina zargin kansu: farasitamol ba ya hana wannan jijjiga, ko da an ba da shi a kan lokaci.

Kowane zazzaɓi na cizon sauro ne? In fara ba da maganinsa kawai?

A wuraren da cutar take, duk yaro mai zazzaɓi ya kamata a yi masa gwajin jini a ranar. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da gwaji kafin a ba da magani, kuma gwajin gaggawa na ɗigon jini yana fitowa cikin kamar minti 15 zuwa 20. Idan ya nuna akwai cutar, a kammala maganin kwana 3 cif, ko da yaro ya miƙe a rana ta biyu. Idan ya nuna babu, a nemi dalilin zazzaɓin a wani wuri: kunne, maƙogwaro, huhu, ko mafitsara. Ciwon mafitsara a jarirai yakan zo da zazzaɓi kawai ba wata alama, sai an gwada fitsari ake gane shi.

Me ya sa ake tsoron gudawa haka, kuma yaya zan gane ruwan jikinsa ya ragu?

Ana kiranta gudawa idan yaro ya yi bayan gida mai ruwa sau 3 ko fiye a rana. Jaririn da ke shan nono zalla yakan yi bayan gida mai laushi sau da yawa, wannan ba ita ba ce, sai in ya sauya daga yadda ya saba. Haɗarin gudawa yana cikin ruwa da gishirin da ke fita. Jikin ƙaramin yaro ba shi da ajiya mai yawa, kuma ba ya iya tashi ya ɗebo ruwa da kansa.

Alamomin farko su ne ƙishirwa mai tsanani, rigima, bushewar baki, da raguwar fitsari. Daga nan idanu su zurma, maɗigar jariri ta faɗa, ya yi kuka ba hawaye. Ku kama fatar cikinsa da yatsu biyu ku ɗaga ku saki. Idan ta koma nan take, madalla. Idan ta ɗauki fiye da daƙiƙa 2, ruwan ya ragu ƙwarai. Yaron da da yake wawurar kofi, yanzu kuma ya daina neman ruwa ya yi laushi, ba sauƙi ya samu ba. Ya kai matakin da yake bukatar ƙarin ruwa ta jijiya.

Yaya ake haɗa ruwan gishiri da sukari, kuma nawa ake ba yaro?

Wanda aka fi so shi ne na fakiti, wato ORS. A wanke hannu, a zuba fakitin gaba ɗaya a cikin adadin ruwa mai tsabta da aka rubuta a jikinsa. Yawanci lita 1 ne, amma akwai ƙananan fakiti, don haka a karanta. Kada a rage ruwan wai don ya fi ƙarfi, gishirin da ya yi yawa yana iya jawo jijjiga. A rufe, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24. Idan babu fakiti, a haɗa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a lita 1 na ruwa. Wannan na wucin gadi ne kafin a samo fakiti, domin babu sinadarin fotasiyom a cikinsa.

Bayan kowane bayan gida, ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha mililita 50 zuwa 100, mai shekara 2 zuwa 10 ya sha 100 zuwa 200. Idan alamomin raguwar ruwa sun riga sun bayyana amma yana iya sha, ƙa'idar ita ce mililita 75 ga kowane kilo cikin awa 4, wato 750 ga mai kilo 10, kuma ya fi kyau a yi wannan a gaban ma'aikacin lafiya. Lemon kwalba da ruwan 'ya'yan itace mai zaƙi ba sa maye gurbinsa. Sukarinsu ya yi yawa, yakan janyo ruwa zuwa cikin hanji ya ƙara gudawar.

Me ya sa sai an haɗa sukari da gishiri? Ruwa zalla bai isa ba?

A bangon hanji akwai wata ƙofa da ke shigar da gishiri da sukari tare, kuma idan sun shiga, ruwa yakan bi bayansu. Masani Robert Crane ne ya bayyana wannan hanya a 1960, daga baya aka gano cewa tana ci gaba da aiki ko a lokacin kwalara. A 1971, a sansanin 'yan gudun hijirar yaƙin Bangaladash da ke Indiya, ruwan ƙarin jijiya ya ƙare wa likita Dilip Mahalanabis, sai ya sa dangin marasa lafiya suka riƙa ba su wannan haɗi da kofi. Mace-macen da suka kai kusan kashi 30 cikin 100 suka sauko ƙasa da kashi 4. Abin lura a labarin shi ne waɗanda suka yi aikin iyaye ne da 'yan'uwa, irin mai karanta wannan shafi. A farkon shekarun 2000 aka sake gyara haɗin, aka rage gishiri da sukarinsa, kuma sabon yana rage amai da bukatar ƙarin ruwa.

Da na ba shi sai ya amayar. In daina?

A dakata minti 10, sannan a ci gaba a hankali fiye da da: ƙaramin cokali ɗaya bayan minti ɗaya ko biyu. Cikin da ya ƙi kofi guda yakan karɓi cokali, kuma sannu ba ta hana zuwa. Ko yaro yana amai jefi-jefi, yawancin abin da ya sha yana zama. Aiki ne mai cin rai, shi ya sa ya kamata a sami wanda zai karɓi uwa ta huta. Idan kuwa ba abin da ke zama sam, ko aman kore ne, ko akwai jini, ko ciki ya kumbura yana kuka yana naɗe ƙafafu, a koma kan amsar alamomin da ba a jira da su.

Ba maganin da zai tsayar da gudawar?

Akwai zink. Miligiram 20 a rana, ko 10 ga ɗan ƙasa da wata 6, na kwana 10 zuwa 14. Yana rage tsawon gudawar, yana kuma rage yiwuwar dawowarta a watanni biyu zuwa uku masu zuwa, don haka a ci gaba da shi ko bayan ta tsaya. Magungunan da ke tsayar da motsin hanji, irin su loferamid, ba a ba ƙananan yara. Antibayotik kuma ba ya yi wa yawancin gudawar yara komai, domin bairos ne ke kawo ta, musamman rotabairos, wanda yanzu akwai rigakafinsa. Inda ake bukatarsa shi ne atini, wato bayan gida da jini, da kwalara, kuma ma'aikacin lafiya ne zai zaɓa. Gudawar da ta kai kwana 14 ita ma ta wuce jinyar gida.

Ya ƙi cin abinci. In tilasta masa, ko in bar cikin ya huta?

Ba ɗaya daga ciki. Hanji yana warkewa da sauri idan abinci na ratsa shi, don haka ba a hana mai gudawa ci. Mai shan nono a ƙara masa yawan shayarwa. Wanda ya fara ci a ba shi abin da ya saba, mai laushi, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Ɗura kuwa haɗari ce, abinci na iya bi ta hanyar iska. Kwana biyu na rashin ci ba abin tsoro ba ne matuƙar yana sha. Bayan ya warke, a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako 2, don ya mayar da abin da ya zube. Iyaye da yawa suna mantawa da wannan, kuma ta nan ne yaron da ke yawan ciwo yake fara ramewa.

Mura da tari sun ƙi ƙarewa. Wane maganin tari ya fi?

Ƙaramin yaro yakan yi mura sau 6 zuwa 8 a shekara, kuma tarin da ke biyo baya na iya kai mako 3. Majina ta koma kore ko ɗorawa ba hujja ba ce ta shan antibayotik, haka mura take tafiya. Magungunan tari na kwalba ba a tabbatar da amfaninsu ga ƙananan yara ba, kuma suna da illa. Hukumomin magunguna na Amurka sun yi gargaɗi a kansu ga 'yan ƙasa da shekara 2 a 2008, na Birtaniya kuma suka kai gargaɗin zuwa shekara 6 a 2009.

Abin da ke taimakawa shi ne yawan sha, da ɗiga ruwan gishiri na hanci kafin shayarwa, domin jariri ba ya iya shan nono da toshasshen hanci. Ƙaramin cokali na zuma kafin barci yana lafar da tari ga wanda ya haura shekara 1. Ƙasa da haka ba a ba da zuma ko kaɗan, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. A nisanta shi da hayaƙi kowane iri. Kada a sa shi ya sunkuya a kan tafasasshen ruwa, ƙunar da ake samu ta wannan hanya ta fi amfanin yawa.

Yaya zan bambanta mura da ciwon huhu?

Ku ƙirga numfashi. Wannan ita ce fasaha mafi daraja da mai jinya zai koya, kuma agogo kawai take bukata. A jira yaro ya natsu ko ya yi barci, a ɗaga rigarsa, a ƙirga tashin ciki na minti ɗaya cikakke. Ba a ƙirga rabi a ninka, domin numfashin jarirai ba ya tafiya daidai. Ya yi sauri idan ya kai 60 ga ɗan ƙasa da wata 2, ko 50 ga mai wata 2 zuwa 11, ko 40 ga mai shekara 1 zuwa 5. Zazzaɓi da kuka suna ƙara saurin, don haka in ana shakka a sake ƙirgawa.

Sannan a dubi ƙasan haƙarƙari. Idan yaro mai lafiya ya ja numfashi, ƙirji da ciki suna buɗewa tare. Idan ƙasan ƙirjin yana lotsawa ciki a duk jan numfashi, huhu na wahala. Tari tare da saurin numfashi yana bukatar a ga ma'aikacin lafiya a ranar, wannan lotsawa kuwa ba a jira da ita, kuma sau da yawa amoksisilin ake bayarwa, wanda dole a shanye adadin kwanakinsa. Idan aka ƙara da nishi a kowane numfashi, ko buɗewar ƙofofin hanci, ko kasa sha, asibiti za a kwanta don a sa masa oksijin.

Jaririna ƙirjinsa na kuka kamar usur, ɗan maƙwabta kuma tarinsa kamar haushi. Ciwo ɗaya ne?

A'a. Na farko ya fi kama da kumburin ƙananan hanyoyin iska na huhu, wanda ke kama 'yan ƙasa da shekara 2. Yakan fara kamar mura, ya tsananta a rana ta 3 zuwa ta 5, sannan ya lafa. Jinyarsa share hanci ne da shayarwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Idan shansa ya ragu zuwa rabin abin da ya saba, ko numfashi yana ɗaukewa na ɗan lokaci, a kai shi. Na biyu kumburin maƙogwaro ne, yakan tsananta da dare, muryar ta dushe. A rungumi yaron a zaune a rarrashe shi, domin kuka yana ƙara matse hanyar. Idan ana jin ƙara mai kaushi lokacin jan numfashi alhali yana zaune shiru, yana bukatar magani a asibiti, kuma ba da maganin deksametason sau ɗaya yakan kawo sauƙi sosai.

Ƙuraje sun feso masa bayan zazzaɓi. Yaushe ne abin damuwa?

A danna gefen kofin gilashi a kan ƙurajen. Idan sun dusashe, yawanci na bairos ne masu wucewa. Idan suna nan kamar ɗigon jini a ƙarƙashin fata, wannan na iya zama cutar da ta shiga jini ko sanƙarau, kuma minti ma yana da daraja. A fata mai duhu ba a cika ganinsu da sauƙi ba, sai a duba tafin hannu da na ƙafa, da cikin fatar ido, da dasashi.

Ƙyanda takan fara da zazzaɓi mai zafi, tari, majina da jan ido, sannan ƙuraje su fito daga fuska da bayan kunne su gangara. Mai ita yana bukatar a duba shi a ba shi bitamin A sau biyu, kwana ɗaya tsakani, domin yana kare ido yana kuma rage haɗarin mutuwa. A riƙa share masa ido da ruwa mai tsabta, a kula da bakinsa da numfashinsa. Tana yaɗuwa tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito har kwana 4 bayan fitowarsu. Ƙarambau kuwa ƙurajensa masu ruwa ne da ƙaiƙayi. A yanke farce, a riƙa wanka, a tuna da abin da aka faɗa game da ibufurofen da asfirin a amsar maganin zazzaɓi.

Yana kuka yana jan kunne, yanzu kuma ruwa na fita.

Yawancin ciwon kunne yana lafawa cikin kwana 3 da maganin rage zafi. Idan mugunya ta fara fita, zafin yakan ragu, amma a kai shi a duba. A naɗe tsumma mai tsabta ko takarda mai laushi a tsotse ruwan da ke bakin kunne sau 3 a rana. Kada a tura tsinke, kada a ɗiga mai ko wani abin da ba a rubuta ba. Kumburi mai zafi a bayan kunne na gaggawa ne.

Yana tofar da magani. Akwai dabara?

A zaunar da shi a cinya, a yi amfani da sirinjin baki, a riƙa tura maganin kaɗan-kaɗan ta gefen kumatu. Cokalin cin abinci ba ma'auni ba ne, girmansa ya bambanta. Kada a toshe masa hanci, kada a ba shi a kwance. Kada a zuba magani a cikin kofi cike da abin sha, domin in bai shanye ba ba a san nawa ya shiga ba. Kuma kada a ce masa alewa ce, ranar da ya sami kwalbar shi kaɗai zai shanye ta. Idan ya amayar da magani jim kaɗan da sha, a tambayi ma'aikacin lafiya kafin a maimaita, domin hukuncin ya danganta da irin maganin.

An kwantar da mu a asibiti. Mene ne nawa aikin, tunda ga ma'aikatan jinya?

Ma'aikaciyar jinya za ta riƙa auna zafi da bugun zuciya da numfashi da yawan oksijin a jini, tana lissafin abin da ya shiga cikin yaro da abin da ya fita. Nauyinsa ake bi wajen lissafin magani da ƙarin ruwa, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli tun da farko. Amma ita tana zagaya gadaje da yawa, ku kuwa gado ɗaya kuke kallo. Ku nuna mata takardar da kuka riƙa rubutawa a gida, da duk maganin da aka riga aka ba shi, ba tare da ɓoye komai ba. Ku ajiye mata lissafin fitsari da amai.

Kada a taɓa abin daidaita gudun ƙarin ruwa, domin ruwan da ya shiga da sauri yana iya cika huhun ƙaramin yaro. Idan wurin allurar ya kumbura ko ya yi ja, a faɗa. Idan an sa robar hanci don ciyarwa, alama ce cewa ana so ya sami abinci ba tare da ya gaji ba. Kuma idan zuciyarku ta ce yaron nan ya sauya, ku faɗa da babbar murya ko da an auna shi yanzun nan. Ƙwararrun ma'aikata suna ɗaukar damuwar uwa a matsayin alama mai nauyi, domin ita ta san yadda yake kafin ya kwanta.

Yaya zan kare sauran yaran gida, kuma yaushe zai koma cikin yara?

Wanke hannu da sabulu na kamar daƙiƙa 20 bayan an wanke wa yaro bayan gida, da kafin haɗa abinci ko magani. A ware masa kofi da cokali da tawul, a zubar da bayan gidansa a masai nan take. A nisanta jariri sabon haihuwa da mai juna biyu daga mai ƙyanda ko ƙarambau, a kuma duba katin rigakafin sauran yaran ko akwai allurar da aka tsallake. Mai gudawa ko amai ya zauna gida har awa 48 bayan na ƙarshe. Mai zazzaɓi ya yi kwana guda cur ba zafi, ba tare da taimakon magani ba. Mai ƙarambau ya jira duk ƙurajen su bushe su yi ɓawo, wanda yakan ɗauki kamar kwana 5 daga fitowarsu. Ragowar tari bayan mura ba ya hana komawa makaranta, matuƙar numfashinsa daidai yake kuma ƙarfinsa ya dawo.